Fuskar da Ba Ta Magana

SHAFI NA 23

Masu damuna da tambayar abin da ya biyo bayan kayen da aka sha a karta ranar Juma'a, ga shi nan.

*

"Ƙifta min ido ka yi!"

"Rufewa na yi. Duka biyun."

"Ɗaya ka rufe, Dogo. Ɗaya tak!"

Telmo, wanda ake wa laƙabi da Dogo, bai ɗago ba. Ya ci gaba da juya haƙarƙarin saniya a kan wayar gashi, kitse na ɗiga cikin garwashi. Braulio, yayan matarsa, yana tsaye a kansa da ƙoƙon mate a hannu, shayin ganyen nan da ake zuƙa da bututu, tumbinsa na gaba shi yana baya.

"Ido ɗaya me yake nufi a kartar turuko? Faɗa min, tun da yau ka fara wasa."

"Ɗayan kulki, babbar karta."

"Ido biyu fa?"

"Ba ni da komai."

"To! Na ga kulki a fuskarka, na buɗe baki na yi kuri a gaban duk mutanen kulob, ashe tarkace ka riƙe. Har mai shara sai da ya yi mana dariya."

Tun kafin a haifi Noelia, 'yar Telmo, suke zama gefe ɗaya a teburin turuko, su biyu a kan wasu biyu. Telmo ya ɗaga gira, Braulio ya san kartar takobi na nan. Ya ciji leɓe, ya san uku ce. Duk garin Villaguay an san su. Sai a sanyin bana iska ta bugi Telmo da asuba, ya tashi rabin fuskarsa na hagu ya saki kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Likita ya ce zai dawo, a hankali.

Zulema, matar Telmo, ta fito daga kicin da kwanon latas da tumatir, ta dire a tebur ƙarƙashin rumfar inabi.

"Yaya, idon nan yana rufuwa. Ni nake ɗiga masa magani, na sani."

"Ke matarsa ce. Ko kunne ya ce yana rufewa za ki ce kin gani."

"Naman mijin nawa dai ka zo ci."

"Naman ba shi da laifi."

Telmo ya yanko gefen da ya fi ƙonewa, wanda Braulio ke so, ya miƙa masa a bakin wuƙa. Braulio ya karɓa, ya tauna, ya lumshe ido. Sai da ya haɗiye sannan ya saki maganar da ya zo da ita.

"Gasar ranar Asabar, da Ovidio zan shiga."

Wuƙar ta tsaya a hannun Telmo.

"Ovidio mai kantin magani?"

"Shi."

"Mutumin da bai san alama ko ɗaya ba? Fuskarsa kamar ƙofar banki ranar Lahadi?"

"Gara wanda ba ya magana da wanda ke faɗin abin da ba shi ne ba."

"Yaya!" in ji Zulema.

"Ɗan rago ne kyautar bana, Zule. Ba abin wasa ba ne."

Telmo ya mayar da kansa ga wuta. Ba ragon ne ya dame shi ba. Tun da fuskar ta saki ya daina zuwa wurin aski, ya daina tsayawa hira a bakin gidan burodi. Kujerar nan ta kulob, wadda ke kallon ta Braulio, ita kaɗai ta rage masa a waje. In ta tafi, sai gida, sai kare, sai rediyo.

Noelia ce ta yi magana daga kan ragar lilo. 'Yarsu ce, ta zo hutun ƙarshen mako daga birnin Rosario, inda take aikin raba karta a wani gidan caca.

"Ku raba gardamar a tebur mana."

"Da wa zai haɗa kai?" in ji Braulio. "Da kare?"

"Ba turuko ba, Kawu. Foka. Babu abokin wasa, babu alama. Kowa tasa ta fisshe shi."

"Wasan 'yan birni masu baƙin tabarau."

"Tsoro kake ji?"

"Ni? Na fara karta uwarki na tsotson yatsa."

"To in Baba ya cinye wakenka, Asabar da shi za ka zauna. In kai ka cinye nasa, ya sake ka, ba zai ƙara cewa uffan ba." Ta juyo. "Baba?"

Telmo ya goge wuƙar a jikin tsumma.

"A ci nama tukuna."

*

Aka ci. Braulio ya ci na mutum biyu, yana yi yana kushe gishirin. Aka jefa wa kare ƙasusuwa. Rana ta karkata, inuwar ganyen inabi na rawa a kan ledar tebur. Zulema ta ɗauko gwangwanin farin wake da ake ƙirga maki da shi, ta zuba wa kowa kofi guda, har da kanta.

"Ke ma?" in ji Braulio.

"Waken nawa ne."

Noelia ta fito da kartarta, ba irin tasu mai takobi da kulki ba. Ta murza ta a hannu, ta yi ƙara kamar an yage ƙyalle.

"Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa. Tambari huɗu ne, ja biyu, baƙi biyu. Zuciya da lu'ulu'u su ne ja. Kowa zan ba shi karta biyu a rufe, tasa ce shi kaɗai. Sannan in shimfiɗa biyar a tsakiya, a buɗe, na kowa da kowa. Uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya. Ka haɗa naka da na tsakiya ka fitar da biyar mafi kyau."

"Me ya fi me?" in ji Telmo.

"Lamba ɗaya sau biyu ta fi babu. Biyu nan biyu can sun fi ta. Uku sun fi su. Sai jeri, biyar suna bin juna kamar matakala. Sai biyar masu tambari ɗaya. Sai uku haɗe da biyu. Sai huɗu, wanda Kawu ba zai gani ba har ya mutu."

"Ji 'yar banza."

"Kafin kowace shimfiɗa da bayanta, magana na zagayawa. Ko ka zuba wake, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara a kai, ko ka jefar da kartarka ka huta. Wanda ya rage shi kaɗai ya kwashe, ko da tarkace ya riƙe. Ba wanda zai ce ya nuna."

Braulio ya gyara zama.

"Ashe akwai ƙarya a ciki."

"Akwai. Amma ba da baki ake yin ta ba, da wake ake yi."

"A ina ake ihu?"

"Ba a ihu."

"Wasan da ba ihu ai zaman makoki ne. To ki riƙa faɗin na tsakiyar da ƙarfi, ko kunnena ya samu abin yi."

Ta raba.

Telmo ya ɗaga gefen kartarsa. Bakwai da biyu, ba su haɗa komai ba. Ya tura su gaba.

"Har ka gudu?" in ji Braulio. "Ba a ma fara ba!"

"Daidai ya yi," in ji Noelia. "Yawancin hannun da aka raba maka na jefarwa ne. Mai shiga kowane hannu shi ke ciyar da tebur."

Braulio kuwa kowane hannu sai ya shiga. Ya zuba wake, ya buga tebur, ya rera waƙar tsokana irin ta turuko, ya rantse da kabarin kakansa. Hannu uku a jere ya kwashe, don ba wanda ya bi shi. Ya tara waken a gabansa ya zagaye shi da hannu kamar kaza a kan ƙwai.

"Dogo, ka gaishe min da rediyo ranar Asabar."

A hannu na huɗu ya sake turo tuli. Zulema ta dube shi, ba ta ko kalli kartarta ba.

"Na bi."

"Ki yi tunani, ƙanwata."

"Kunnenka ya yi ja. Tun ranar da ka sha madarar Inna ka ce mage ce, haka yake yi."

Aka buɗe. Ba shi da komai. Ita takwas biyu gare ta. Ta jawo waken tana dariya har da tari.

"Wannan ba wasa ba ne, cin amanar zumunci ne," in ji Braulio, ya jawo hularsa ya rufe kunnuwan.

"Ka ga abin da nake faɗa," in ji Noelia. "Karta rabin wasan ce. Sauran rabin mutumin da ke gabanka ne."

Telmo yana jin su. Ya zubar, ya zubar, ya sake zubarwa. Ya lura in shi ne na ƙarshe a magana, ya riga ya ji abin da kowa ya yi kafin ya sa ƙwayar wake ɗaya. Ya lura Zulema tana gyara zobenta in ta samu abin kirki. Sai ya fara shiga, jefi-jefi, in wuri ya yi masa.

Wani hannu ya zo, sarki da sarauniya a tsakiya. Ba shi da ko ɗaya. Ya tuna tun farkon hannun yake zubawa kamar mai riƙe da babba, sai ya ci gaba a haka. Ya tura rabin kofi, ya naɗe hannu.

Zulema ta kafa masa ido. Ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu.

"Telmo, dube ni."

Ya dube ta.

"Kai! Mutumin nan da nake sanin ya sayi ƙugiyar kifi a ɓoye tun daga bakin ƙofa. Yau ban ga komai ba."

Ta jefar da kartarta. Braulio ma ya jefar, yana gunaguni.

"Me ka riƙe, Baba?" in ji Noelia.

"Kin ce ba a nunawa."

Ta yi dariya, ta buga masa tebur da yatsu biyu.

"Akwai masu zuwa wurinmu da za su sayar da mota su sayi fuskar nan."

Wani abu ya kwance masa a ƙirji. Watannin nan duk, fuskar nan kaya ce da yake ɗauka yana sunkuyar da kai. Yau ta zama katanga, yana zaune a bayanta yana shan inuwa. Ya karɓi ƙoƙon mate daga hannun Zulema, ya sa bututun a gefen bakin da ke aiki, ya zuƙa har ya yi ƙara. Iska ta kawo ƙamshin garwashin da ke mutuwa. Can wani gida ana jin ƙwallo a rediyo. Da za a bar shi, da a haka zai zauna har Kirsimeti.

Zulema ce ta fara fita. Ta bi yayanta a hannun da hula ta rufe kunne, ashe wannan karon da gaske yake, jeri ne da shi.

"Ka cire hular nan, macuci."

"Sanyi nake ji."

Ta koma gefe tana zuba ruwan zafi a ƙoƙo. Saura su biyu, fuska da fuska, kamar kullum, sai dai yau ba gefe ɗaya suke ba. Tulin Telmo ya ɗan fi na Braulio.

Noelia ta raba.

Telmo ya duba. Huɗu da huɗu. Ya zuba kaɗan. Braulio ya kai nasa kusa da hanci, ya daɗe, ya bi.

"Sarkin zuciya," in ji Noelia tana shimfiɗawa. "Taran zuciya. Huɗu, baƙa."

Huɗu uku ke nan. Telmo ya ji bugun jininsa a wuya, amma ya san bai hau fuska ba. Ya zuba madaidaici, don kada ya kori mutumin.

"Na bi," in ji Braulio da sauri. Bai yi waƙa ba. Bai ambaci kakansa ba.

"Biyu, baƙa."

Telmo ya yi nazari. Mai surutu ya yi shiru, kuma bai ƙara ba, bi kawai yake. Jira yake. Zuciya biyu a ƙasa, wataƙila biyu a hannunsa, yana neman ta biyar. Karta ɗaya ta rage. In zai jira ta, to ya saye ta da tsada.

Ya sa hannu biyu ya tura duk waken gabansa zuwa tsakiya.

"Duka."

Zulema ta ajiye butar ruwan.

"Kawu," in ji Noelia, "in jira kake, ka sani sau da yawa ba ta zuwa. Mai hankali zubarwa yake a nan."

"Wa ya ce miki mai hankali ne ya zo cin nama?" Ya tura nasa. Wake ya gangara har ƙasa, kare ya zo ya shinshina ya koma. "Na bi. Kuma ba zan buɗe ba sai ta faɗo."

Telmo ya baje nasa a buɗe. Huɗu uku.

Noelia ta ajiye kartar sama a gefe bisa ƙa'ida, ta jawo ta ƙarshe, ta juya.

"Bakwan zuciya."

Braulio ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Ta zo! Ta zo, Dogo! Zuciya biyar!" Ya maka kartarsa a tebur. "Ku kira min Ovidio! Ku ce ya wasa wuƙa!"

Telmo ya dubi kartar. As na zuciya, babbar cikinsu. Kusa da shi goma, ja wur.

Ya sake dubawa.

Noelia ta sa yatsa a kan goman.

"Kawu. Wannan lu'ulu'u ne."

"Wane lu'ulu'u?"

"Zuciya huɗu gare ka. Huɗu ba komai ba ne. Baba ya ci."

Braulio ya ɗauki kartar. Ya kawo ta gaban fuska, sannan ya karkatar da kai ya dube ta ta gefen ido, kamar zakara na kallon shaho. Ya daɗe a haka. Sai ya fashe da dariya, ya jefar.

"Ja da ja! Wane mahaukaci ne ya yi karta ja iri biyu? Takobi takobi ne, kulki kulki ne, ko jaki ya san bambanci."

"Jakin dai bai sani ba yau," in ji Zulema, ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Ku ci ni, ku ci ni. Gidanku ne." Ya ɗaga kujerar ya zauna, ya cire hular ya yi fifita da ita. "Magana ɗaya ce. Asabar ni da kai, Dogo. Ovidio ya ci gaba da ƙirga ƙwayoyinsa."

"Ragon fa?" in ji Telmo.

"In mun ci, kai za ka gasa. In mun faɗi, kai za a gasa."

Telmo ya jawo waken da hannu biyu, sanyinsa na bin tsakanin yatsu. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa shi. Ya ɗago ya dubi tsohon abokinsa, tebur kawai a tsakaninsu, hasken yamma na dukan fuskarsa sosai. Ya ɗaga masa gira, ta dama, mai aiki. Takobi. A yarensu na shekara da shekaru, wannan na nufin na yanka ka.

Braulio yana fuskantarsa, yana murmushi, yana fifita.

Ko a jikinsa.

Da can, da ƙashi zai jefo masa.

Telmo ya jira. Sannan a hankali ya rufe ido, duka biyun, ya ji fatar hagun ta sauka ta haɗu da 'yar'uwarta. Ya buɗe.

"Me ya sa kowa ya yi shiru?" in ji Braulio. "Zule, ina maten? Ko shi ma an cinye a caca?"

Idonsa na kan Telmo, amma ba a kan fuskar ba. Wani wuri yake kallo, kusa da kafaɗa.

Telmo ya zaro harshe, kamar yaron makaranta. Ya bar shi a waje.

Noelia ta daina murza kartar. Zulema na tsaye da ƙoƙon a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi yayanta, dariyar ta bushe a bakinta. Ruwa ya cika ƙoƙon ya fara zuba a kan yatsunta, ba ta ji ba.

Braulio na nan yana murmushi.

Telmo ya mayar da harshensa. Ya ture waken gefe. Ya miƙa hannu ya kama wuyan hannun da ke fifita, ya tsayar da shi.

"Braulio."

"Na'am, mai nasara."

"Tun yaushe ka daina ganin fuskata?"